Tukunyar da Malam Ya Binne a Bayan Ɗaki

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sani. Ya rasu a farkon sanyi, bayan an gama tonon aya, a gidanmu na Cadawa inda nake zaune har yau. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi 'yar sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana na ce bari in rubuta, domin waɗanda suka ga abin da idonsu suna ta raguwa, ni kuma ido ya fara yi mini rowa.

Shi malamin gona ne, ni malamar lakol, wato makarantar boko. Mutum ne mai sanyin hali, mai sanyin tafiya, wanda in ka aike shi kiran ungozoma sai ka tarar an yi suna. Nakan ce masa, tsakaninsa da hawainiya ban san wanda ya koya wa wani tafiya ba. Ba ya jin haushi. Sai ya yi murmushi ya ce sannu ba ta hana zuwa, ni kuma in ƙarasa masa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Haka muka zauna shekaru masu yawa, ni da gaggawata, shi da nawarsa, kuma ban taɓa kwana da yunwa ko da baƙin cikinsa ba.

Wanda bai san noman aya ba, ga yadda ake girbinta a wajenmu. A ƙone ganyen, a tone ƙasar, a riƙa zuba ta a rariya ana tankaɗewa har yashi ya zube, aya ta rage. To, ba aya kaɗai ke saura a rariya ba. Akwai tsakuwa, akwai kunama, wani lokaci kuma in an zurfafa a gindin sabara ta bakin gona sai a ga wasu 'yan ƙwayaye farare masu yawa, ba su kai ƙwan kurciya ba, ɓawonsu da laushi kamar fata. Masu tono kan ce na maciji ne, su murƙushe su da ƙafa. Malam ya san ba na maciji ba ne, domin ya taɓa tsayawa a ƙarshen damina yana kallon wata hawainiya tana haƙa rami, ta shige ta yi ƙwai, ta fito ta mayar da ƙasa. Mu kuwa da abin da muka tashi da shi, hawainiya ba ta ƙwai, wai faɗowa take daga kan itace cikinta ya fashe 'ya'ya su watse.

Ranar da ya fara tsince su a gonarmu na tambaye shi me zai yi da su. Ya ce hawainiya tana cinye masa fara da tsutsa a zogale, ba ta neman lada. Daga baya ya faɗi gaskiyar da ke ransa: uwarsu ta ɓoye su inda ta ga ya dace, mu muka tone su saboda ayarmu, don haka haƙƙinsu yana wuyanmu.

Shekarar farko ya yi abin da kowannenmu zai yi. Ya zuba su a ƙwarya da yashi, ya kai bukkar garkarsa, lambun da yake da shi a bayan gari, ya ajiye kusa da inda mai gadi ke hura wuta, tunda ko kaza ta san ƙwai ɗumi yake so. Ko ɗaya bai fashe ba. Wasu suka bushe, wasu suka yi baƙi. Shekara ta biyu ya zuba su a wata tsohuwar tukunya, ya binne ta a inuwa kafin ya samo dabara, sai aiki ya ɗauke shi zuwa garin Gazawa duk tsawon sanyi. Ba wanda ya leƙa tukunyar. Da damina ta sauka ya je ya buɗe don ya zubar, sai ya tarar da 'yan hawainiyoyi suna tafiya a kan yashi, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya dawo gida yana ta fara'a kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Malama, na gane," in ji shi. "Ɗan da ke cikin ƙwan ga barci shikai. Sai ya sha sanyi ya ƙoshi, in zafi ya biyo baya sannan ya san lokacin girma ya yi. Ni da na ba shi ɗumi tun farko, ruɗa shi na yi."

Daga nan ya kama abin da gaske, duk shekara. Yakan binne tukunya har wuya, domin ƙasa mai zurfin kamu ɗaya ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta saurin ɗaukar sanyi. Yashin ciki yakan jiƙa shi kaɗan, yadda in ka dunƙula zai tsaya amma ruwa ba zai ɗiga ba. Kowane ƙwai yakan ɗiga masa gawayi a sama, don in ya ɗaga shi ya mayar da shi yadda yake kwance, saboda juyawa tana iya kashe na ciki. Da sanyi ba ya taɓa komai. Da bazara yakan kafa zana a kai, ya riƙa yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da tukunyar, ba a cikinta ba. Ma'aunin zafinsa kuwa bayan hannunsa ne.

Ni dai ban shiga ba. Tun ina yarinya nake tsoron hawainiya, da idon nan nata da ɗaya ke kallon gabas ɗaya yamma. Na gaya masa ƙarara, hawainiyarsa ta kiyayi ramata, kada in ga ko inuwar tukunyar a gidana. Ya kiyaye. Bai kuma gaya wa kowa ba, har yayansa. Ya san garinmu. Inda ake shanya busasshiyar hawainiya a kasuwa tare da layu da ƙahoni, mutumin da aka ji yana tara ƙwanta ba zai rasa sabon suna ba.

Kwanan baya jikata da ke karatu a Maradi ta nuna mini a wayarta yadda mutanen wasu ƙasashe ke wannan aikin. Akwatuna ne masu lantarki, ana murɗa musu sanyi na 'yan watanni, sannan a murɗa ɗumi, lamba tana nunawa a jiki. Na daɗe ina kallo. Na san da Malam yana nan da ba zai yi fahariya ba, da sai ya sa yarinyar nan ta maimaita masa har batirinta ya ƙare, yana gyaɗa kai yana cewa ashe ba shi kaɗai ne mahaukaci ba. Sai dai ina jin da zai tambaya, ran da aka ɗauke wuta fa, yaya suke yi?

A shekararsa ta ƙarshe ciwo ya kama shi a ƙirji, tafiya garka ta gagare shi. Aka tono ƙwai kamar kullum, ya kawo su gida a cikin hularsa, ya tsaya a bakin ƙofata kamar yaron da ya fasa tulu. Na dube shi, na ga yadda ya rame, na ce ya binne a bayan ɗaki amma ya ɗaure murfin da kyau. Ya yi aikin shi kaɗai ina lakol. Da na dawo ya kama hannuna ya tura cikin yashin, ya ce in riƙe wannan sanyin da wannan danshin a raina. Na ce me zan yi da su, ba kana nan ba? Sai ya mayar da murfin ya ɗaure. Bai ƙara wata guda ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai ina cikin ɗaki ina takaba, mata suna neman inda za su kafa murhun manyan tukwane. Iya Kuluwa, maƙwabciyarmu da ke jagorantar girki a duk wani taro na unguwa, ta zaɓi bayan ɗaki don akwai inuwa. Tana share ƙasa hauyarta ta bugi murfi, ta kwance ta buɗe. Sai na ji salati ya tashi, na ji gudun ƙafafu, sannan gida ya yi tsit.

Ku dubi abin da idon mutanenmu. Tukunya a binne a bayan ɗakin mamaci, an ɗaure bakinta, a ciki ƙwai jere, kowane da baƙin tabo. Ko ni aka nuna wa haka a gidan wani, na san abin da zan ce. Kafin la'asar magana ta gama gari, kuma magana zarar bunu ce. Wasu suka ce Malam tsafi yake a ɓoye, shi ya sa ayarsa ke yin kyau. Wasu suka ce abin da ya ajiye ne ya juyo ya ci shi. Mutumin da bai taɓa barin sahun farko ba sai da ciwo ya kayar da shi, ga abin da ake faɗa a kansa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Yayansa, Alhaji Lawali, ya zo daga Sae Sabuwa tun ranar jana'iza. Shi ya riƙe Malam bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi lakol. Mutum ne mai tsanani a kan addini, kuma yana da dalili, domin kakansu ne ya fasa tukwanen tsafi na gado na gidansu ya kama salla, zuri'ar kuma tana alfahari da hakan. Ya zo ya tsaya a bayan labule.

"Malama, tsakaninki da Allah, mi ke cikin tukunyar ga?"

"Ƙwan hawainiya ne, Yaya."

"Hawainiya ba ta ƙwai. To, baƙin da anka sa bisansu fa?"

"Gawayi ne, don kada a juya su."

Sai ya ce zai sa a tone ta a ƙone, magana ta mutu. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na ce, "Yaya, in kun ƙone ta maganar ba za ta taɓa mutuwa ba. Za a ce an ƙone asirin Malam, 'ya'yansa su gada, jikokinsa su gada. Ku bar ta har ruwa ya sauka. In ba abin da ya fito, ku yi yadda kuka ga dama."

Daga ƙarshe ya ce wa mata su kai murhunsu ƙofar gida, kada wanda ya hura wuta kusa da wurin.

Watannin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Masu zuwa gaisuwa suka ragu. Wadda ta zo, in an kawo mata ruwa sai ta ce ta ƙoshi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda ake ambatonsa. A da in an ce Malam Sani sai ka ji an ce mutumin kirki. Yanzu sai a rage murya, a ce to, Allah shi ya san tsakaninsa da bawansa. Na san ma'anar wannan addu'ar, kowa ma ya sani. Shaidata kuwa guda ce, tana cikin tukunya, ba ta motsi.

Aikin lokacin sanyi shi ne kada ka yi komai, kuma ga mai hali irin nawa babu aikin da ya fi shi wuya. Da safe in na fito alwala haƙora na kaɗawa, sai zuciyata ta ce ki rufa musu ko tsohon bargo ne, ki kawo ɗan garwashi, za su mutu. Sai in tuna ƙwaryar shekarar farko in janye hannuna. Nakan buɗe jifa-jifa in duba. Suna nan yadda ya jera su, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, ba wata alama da za ta gaya maka mai rai ne ko matacce. Na gama takaba suna nan haka. 'Yan'uwana suka ce in koma gida in huta, na ce ina da abin da nake jira.

Da bazara ta shigo sai aikin ya juya. Na kafa zana, na ƙara wata a kai. Safe da yamma ina yayyafa ruwa a kewaye, a lokacin da mata ke kwana a layin famfo. In na tura bayan hannuna na ji yashin ya fara ɗumi fiye da yadda ya nuna mini, sai in jiƙa buhu in shimfiɗa a kan murfi. Duk da haka wasu suka lotsa, wasu suka yi fumfuna, na riƙa cire su da cokali ina hawaye. Ni da ko hoton hawainiya ba na son gani a littafin 'yan lakol, ga ni durƙushe ina roƙon Allah ya raya mini 'ya'yanta.

Nakan yi tunanin yadda aikin zai kasance a yau. Ban auna ba, amma jikina yana gaya mini sanyin yanzu ba ya daɗewa kamar na da, zafi kuma yana saurin shigowa. Da Malam zai damu, domin ya san akwai masu buƙatar sanyin nan a ƙarƙashin ƙasa. Da zai damu da maganin feshi da ake yi wa kowace gona har bakin iyaka. Amma da zai ji daɗin ganin yadda manoma suka koma barin tsiron itatuwa a gonakinsu. Hanyar Agiye da ya sani fili fetal, yanzu gawo da kalgo da sabara ne hagu da dama. Da zai sa a tsayar da moto, wato babur, ya sauka yana leƙen rassa, a makara zuwa inda za a je.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Ba abin da ya fito. Gero ya tsiro, aka fara noman fari, tukunya shiru. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ni ce na sa ranar da bakina. Yaya Alhaji ya aiko cewa yana tafe. Kafin ya iso na buɗe, sai na ga ƙwayayen sun yi gumi, sun motse, wasu sun yamutse kamar tsohuwar goruba. Malam bai kai ga gaya mini cewa haka suke yi in sun kusa fashewa ba. Na zauna a ƙasa na ce shi ke nan, na kashe su, na kashe sunansa.

Da Yaya ya zo na kai shi wurin, na buɗe masa, na ce ga su nan, ban cika alkawari ba. Ya durƙusa ya duba. Na jira ya kira a kawo hauya. Sai ya mayar da murfin a hankali ya ce, "A ƙara masu kwana. Ba sauri akai ba." Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya bar kasuwancinsa da gonarsa a tsakiyar damina ya zauna. A ranar na gane ba ni kaɗai ke jira ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida na ji ya kira ni da wata murya da ban san yana da ita ba. Na tarar da shi a durƙushe, murfi a hannu. Yashi yana motsi. Wata 'yar hawainiya ta fito gaba ɗaya, koriya shar, tana ɗaga ƙafa tana tunani kafin ta ajiye. Wata kanta kawai ya leƙo. Ɗaya ta kama bakin hannun rigarsa ta fara hawa, bai kakkaɓe ta ba.

Abin da ya yi bayan haka shi ne dalilin da ba zan daina yi masa addu'a ba. Ya tone tukunyar da hannunsa, ya rungume ta a kan babbar rigarsa, bakinta buɗe, ya fita. Bai bi ta bayan gida ba. Ya bi ta babban titi, dattijo da furfurarsa, ya tsaya a ƙofar Iya Kuluwa, ya tsaya wajen masu shayi, ya tsaya a inuwar masallaci inda dattawa ke zama, ko'ina yana cewa, "Ku taso ku ga tsafin ƙanena." Wasu suka ja da baya, wasu suka fashe da dariya. Iya Kuluwa ta dafe ƙirji tana neman gafara, ta ce ashe dai hawainiya tana ƙwai. Liman ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Malam addu'a, jama'a suka shafa. Gani ya kori ji. Ba zan ce kowa ya gamsu ba, akwai waɗanda suka ce ai hawainiyar ma kanta magani ce, amma daga ranar ba su ƙara samun masu saurare ba. Ya kai tukunyar garka ya sake binne ta a gindin zogale, ya bar bakinta buɗe don su fita da kansu.

Da ya dawo ya zauna a bakin zaure, riga duk ƙasa, ya ce, "Malama, tun randa anka buɗe tukunyar ga ban iya roƙa ma Sani gafara da zuciya guda ba. In na ɗaga hannu sai in ji tsoron ko bisa wata hanya ya cika. Ni na goye shi, amma na zarge shi." Sai ya rufe fuska da hannun riga ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

In na auna abin da ya rage na Malam, ba shi da yawa a ido. Garkar an raba ta. Aikin tukunya bai samu magaji ba, ni dai ban sake ba, kuma har gobe in na ga hawainiya a kan darni sai na canza hanya. Na ji an ce wasu masu tonon aya yanzu in sun ci karo da ƙwan sukan haƙa rami a gindin sabara su mayar, wasu kuma har yanzu ƙafa suke sa masa. Amma 'ya'yansa suna shiga ko'ina a garin nan kansu a ɗage, in an tambaye su ɗan wa, su faɗa, a ce Allah ya jiƙan mutumin kirki. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin da ya ji tausayin abin da kowa ke takewa. Na gode masa da ya ba shi ɗan'uwan da ya iya jira.

Yaya Alhaji ya tsufa ƙwarai yanzu, sai an riƙe shi yake hawa moto, 'ya'yansa kuma kullum suna hana shi doguwar hanya. Amma bai taɓa fashin zuwa ranar sadakar Malam ba. Makon jiya ma ya zo, aka zaunar da shi a tsakar gida, ya ɗaga hannuwansa. Ba ya yin addu'ar nan a ɓoye. Yakan kira sunan ƙanensa da ƙarfi, ya roƙa masa gafara da rahama da iyakar muryar da ta rage masa, har maƙwabta su ji su amsa da amin ta kan katanga.